Bel Ɗin da Ya Tsinke a Kan Gadar Akpakpa

Kwana goma sha tara da kai 'yata gidan mijinta, bel ɗin motarsu ya tsinke a kan gadar Akpakpa.

Ni bakanike ne, sunana Idrisu. Shekara ashirin da shida ke nan ina kwance injin a ƙarƙashin wata rumfar kwano a Zongon Kwatano. Na san abubuwan da ke kashe injin, kuma ƙafar mace ba ta cikinsu.

Jalila ce 'yata ta fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, tun tana goye “yarinyar nan” nake ce mata. Ta koyi ɗinki a unguwar Sainte-Rita, ta fito da takardarta, na saya mata keken ɗinki. Ita ta zaɓi Ridwane da kanta, direban bas ɗin gidansu, mutum mai sanyin magana da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Gidan na mahaifiyarsa ne, Hajiya Assibi. Makullan motoci kuwa suna hannun wansa Abdulƙahar, dillalin motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa.

Ranar da abin ya faru, Ridwane ya loda katan-katan daga kasuwar Tokpa zai kai hanyar Seme. Jalila ta shiga gaba don ya sauke ta wurin gwaggonsa ta yi gaisuwar amarci. Suna tsakiyar gada injin ya yi wata ƙara sau ɗaya ya mutu. Ni ya kira, na hau zem, wato babur ɗin haya, na same su. Tana tsaye a gefe da mayafinta na amarya, masu motoci suna ta zagin mijinta. Ina murza makulli na ji injin yana juyawa fayau ba nauyi, na san aikin gama ya gama.

Bel ɗin nan mai haƙora ne, yana ɓoye a bayan murfin roba. Shi ke haɗa saman injin da ƙasansa don su yi tafiya tare, bawul ya buɗe ya rufe kafin fistan ya iso. Idan ya tsinke mota tana gudu, fistan zai daki bawul ya lanƙwasa shi. Ba ya ba da sanarwa. Shi ya sa ake canza shi da lissafin tafiya, ba a jira ya nuna gajiya.

Wata biyu kafin bikin na ɗaga bakin murfin na haska tocila, na ga bayan bel ɗin ya yi tsage-tsage kamar diddigen manomi. Na gaya wa Abdulƙahar. Ya kama hannuna ya kai ni wurin sitiyari, ya nuna mini kontar, agogon nan mai ƙirga tafiyar mota. Dubu ɗari da ashirin da ɗaya. Ya ce irin wannan motar sai ta kai dubu ɗari da hamsin ake taɓa bel ɗinta, kada in tayar masa da hankali ana shirin biki. Na bar maganar, don wan surukina ne.

Aka jawo bas ɗin zuwa ƙofar gidansu. Washegari na kwance, bawul shida sun lanƙwashe. Na ɗauki murfin roban ina wanke shi da fetur, sai wata 'yar takarda rawaya ta bayyana a ƙarƙashin baƙin mai. Ta wani gareji ce na ƙasar da motar ta fito. An rubuta lambar jikin motar, da ranar da aka canza bel na ƙarshe, shekara takwas baya, da tafiyar da ta yi a ranar: dubu ɗari da tamanin da bakwai.

Na kira Abdulƙahar gefe na nuna masa. Ya dubi takardar, ya leƙa kontar, ya sake duban takardar, sannan ya dafe kai. Shi da kansa ya sa aka mayar da kontar baya shekara huɗu da suka wuce, lokacin da yake shirin sayar da bas ɗin ga wasu 'yan Najeriya. Cinikin bai faɗa ba, motar ta zauna a gida tana aiki. Motocin da ya mayar wa kontar sun yi yawa, har ya manta wannan tana ciki. Ƙaryar da ya shirya wa baƙo ita ya zauna ya gaskata.

Ya sa farce zai kankare takardar, na janye murfin na jefa a akwatin kayan aikina.

“Malam Idi, yanzu mun zama ɗaya,” in ji shi. “In maganar nan ta zaga Zongo, wa zai ƙara sayen mota a hannuna? Tukunyar da 'yarka ke ci a ciki za ka fasa. Ka rufa mana asiri.”

Na rufa. Ko matata Ma'u ban gaya wa ba.

Maganar ta fara ne kamar wasa. Hajiya Assibi ta ce wa Jalila a gaban baƙi, amarya ƙafarki da nauyi, shekara huɗu motar nan tana tafiya sai da kika taka ta. Aka yi dariya, ita ma ta yi. Bayan mako guda firjin gidan ya ƙone, ba wanda ya yi dariya. Sai aka tsare wa Abdulƙahar motoci biyu a tashar jirgin ruwa kan takardu. A ranar ne aka fara faɗin kalmar a fili: farar ƙafa. Wai akwai macen da in ta shiga gida arziki yake fita.

Kan injin na kai shi Akpakpa wurin masu gyaran bawul. Aikin mako biyu ne. Amma Hajiya ta ce ba amfanin gyara mota alhali abin da ya kashe ta yana kwana a gidan, sai an nemi magani tukuna. Abdulƙahar bai musa ba. Aka cire tayoyin, aka ɗora bas ɗin a kan duwatsu a ƙofar gida. Ridwane ya koma tuƙa motar wani. Wata biyar bas ɗin yana nan, kowa ya wuce sai ya kalle shi ya kalli gidan.

Sai dokoki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kada ta gitta gaban mota. Kada ta taɓa makulli, ko da ya faɗi a ƙasa. Kada ta yi girkin wanda zai yi tafiya. Kada ta fita ta zaure, sai ta ƙofar baya da ke fita lungun kwata. Wadda ta fi muni ita ce ta safe: kada mai fita nema ya yi ido biyu da ita. Da asuba sai ta ja ƙofarta, ba za ta buɗe ba sai mazan gidan sun fita. Abdulƙahar kuwa ba ya fita da wuri. Yakan zauna a tsakar gida ya sha shayi, ya yi waya, har hantsi ya yi zafi. A lokacin tana da ƙaramin ciki, fitsari yana matsa mata. Sai ta ajiye bokiti a ɗaki.

Ma'u ce ke kawo mini labarin nan, don ni suruki ne, ba na wuce zaure. Kullum ta dawo sai ta tsaya a kaina a gareji ta ce in yi wani abu. Ni kuma in ce maganar mata ce, za ta wuce, kada mu kashe wa yarinya aure tun bai yi shekara ba.

Sau ɗaya na gwada. Na je na zauna a zaure, Hajiya ta fito muka gaisa. Na ce mata bel ɗin tsufa ya yi, ni na gani da idona tun kafin biki.

Ta ce, “Baban amarya, ai dole ka faɗi haka, 'yarka ce. Abdulƙahar ya ce kontar ba ta kai ba. Abin da ya tsinke lokacinsa bai yi ba, me ya tsinka shi?”

Abdulƙahar yana zaune a kan benci kusa da ni, yana latsa waya. Na kalle shi. Bai ɗago ba. Murfin yana cikin akwatina a gareji, tafiyar minti biyar. Na yi sallama na tashi.

Kowa a gidan yana da abin faɗa. Hajiya ta ce ita ba ƙin yarinyar take ba, halitta ce, ba laifinta ba ne, kiyayewa kawai ake yi, kuma da wani gida ne da tuni an kore ta. Abdulƙahar ya ce shi namiji ne, ba ya shiga sha'anin cikin gida. Ridwane ya ce ta yi haƙuri, in an kwana biyu za a manta. Limamin layinsu ya yi wa'azi ranar wata Juma'a cewa wannan camfi ne, ba shi da asali a addini. Da aka kai wa Hajiya labari sai ta ce malam ba shi da mota, shi ya sa.

Magana ta fita waje. Masu kawo mata ɗinki suka fara raguwa. Wata uwar amarya ta zo ta karɓe atamfofi shida da Jalila ta riga ta yanka, ta ce gara wani ya haɗa su ko sun lalace. Bayan wannan ba wanda ya ƙara kawo ko ɗaurin ɗankwali. Ta lulluɓe keken da zani.

Da damina ta sauka aka ce ɗakinta yana kallon ƙofar gida, ba daidai ba ne. Aka mayar da su ɗakin baya, inda ake ajiye gawayi. Duk wanda ya san Zongo ya san abin da ruwa ke yi wa ɗakunan baya. Ta ɗora katifa a kan bulo.

Wata rana na je duba bas ɗin, don kada ruwa ya shiga injin da ke buɗe. Ta zagayo ta lungu ta durƙusa ta gaishe ni. Wuyanta ya yi tsawo. Na lura tana taka ƙasa da gefen ƙafa. Na tambaya, ta ce ba komai. Daga baya Ma'u ta gaya mini wani magani Hajiya ta karɓo daga wani mutum a hanyar Porto-Novo, ana kwaɓa shi ana shafa mata a tafin ƙafa safe da yamma. Ya ƙone fatar, ta saɓule.

A ranar, kafin ta tashi, ta tambaye ni me ya kashe motar. Na ce bel. Ta ce me ya tsinka bel. Na ce tsufa.

“To Baba, ba yadda za a yi su gane?”

Na ce zan san yadda zan yi. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Ta koma ta lungun kwata tana ɗingishi.

Ranar wata Talata da hantsi jini ya ɓalle mata. Cikin ya kusa wata biyar. Ridwane yana hanyar Parakou. A ƙofar gida, kusa da bas ɗin, akwai wata ƙaramar mota da Abdulƙahar ya fito da ita daga tasha, an wanke ta tana ƙyalli, makullin yana aljihunsa. Maƙwabciyarsu Oumou ce ta ji nishinta ta katanga ta shigo. Ta roƙi a kai ta asibiti da motar. Hajiya ta ce mai saye zai zo da azahar, motar sayarwa ce, ba za a sa ta a ciki ba. Abdulƙahar ya ce ai zem ya fi sauri a cunkoso. Shi da kansa ya fita titi ya tsayar da ɗaya.

Oumou ta hau baya ta rungume ta, su uku a kan babur. Ruwa ya cinye hanyar, ramuka ne har bakin asibitin.

Cikin ya zube kafin su isa. Namiji ne. Ban sani ba ko da an kai ta da mota zai tsaya, wannan sanin na Allah ne, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na sani shi ne akwai mota a ƙofar gida, da mai a cikinta, da direba a tsaye.

Hajiya ta zo asibiti da kwanon kunu. A bakin ƙofa, Ma'u tana ji, ta ce wa wata 'yar'uwarta, kin gani ko, har na cikinta bai tsira ba. Ma'u ta ce daga asibiti gidanmu za a wuce da ita. Ni na hana. Na ce a bari ta koma ɗakinta a yi magana ta manya, kada a ce mun ɗauke 'ya ba sallama. Ma'u ta dube ni ta ce wane irin uba ne ni. Kwana tara ba ta ƙara yi mini magana ba, sai dai ta ajiye abinci ta juya.

A rana ta tara Abdulƙahar ya aiko. Wai an samu kwangilar ɗaukar kaya, in zo in haɗa bas. Na je Akpakpa na karɓo kan injin, na sayo sabon bel da famfon ruwa da fuli, wato 'yar wilin da ke ɗaure bel. Ranar farko na ɗora kan injin. Rana ta biyu ta bel ce.

Aikin ba ya son gaggawa. Akwai alama a fulin ƙasa, akwai a na sama, akwai a na famfon gas, wato man dizal. Kowace sai ta tsaya daidai da tsagar da ke jikin injin, sannan ka soke su da ƙusa don kada su motsa. Sai ka zura bel daga ƙasa, ka bi da shi haƙori bayan haƙori, ɓangaren da ke ja ya miƙe sosai. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya mayar da kai inda ka fito. In ka ɗaure, sai ka zare ƙusoshin ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka ga ko alamomin sun dawo wurinsu. Na juya sau biyu, sun dawo. Na ƙara biyu. Suka sake dawowa. Ridwane yana tsugune yana miƙo mini sifana, tun safe bai yarda mun haɗa ido ba.

An fito daga la'asar, mazan layin sun cika bencin ƙofar gida suna jiran a tada mota. Na goge hannu, Ridwane ya shiga gida ɗauko makulli. Saura murfi kawai.

Sai na ji muryar Hajiya daga zaure tana cewa a ja wa yarinyar nan ƙofa kafin a murza makulli. Na ji takun wani zuwa bayan gida. Sannan na ji ƙarar sakata. Daga waje aka sa ta.

Na buɗe akwatina na ɗauko murfin. Na shiga zaure, na wuce Hajiya, na ratsa tsakar gidan da ban taɓa takawa ba. Matan gidan suna ta jan mayafi. Na zare sakatar.

Tana zaune a kan katifa, ƙafafunta a naɗe da tsumma.

“Jalila,” na ce, “taso.”

Ta ɗago ta kalle ni, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Ta tashi. Na biyo da ita ta zaure, ta ƙofar gaba, har gaban bas ɗin. Hajiya tana bayanmu tana salati.

Na ɗaga murfin na karanta takardar da ƙarfi, ranar da lambar. Na miƙa wa Alhaji Badarou, dattijon layin, wanda ya fi ni karatun Faransanci. Na ce ya leƙa kontar ya gaya wa jama'a abin da ya gani. Ya leƙa, ya daɗe. Sannan ya tambaya yaya mota za ta yi dubu ɗari da tamanin da bakwai shekara takwas baya, yau kuma tana ɗari da ashirin da ɗaya, ko da baya take tafiya.

Na ce a tambayi Abdulƙahar. Na ce bel ɗin ya wuce lokacinsa da nisa, na faɗa masa kafin biki, kuma tun washegarin tsinkewar ya san gaskiya.

Da farko ya ce takardar ta wata mota ce. Alhaji Badarou ya gwada lambar da ta jikin bas, ta yi daidai. Sai ya ce ai kowa yana yi a wurin sayar da motoci, ba shi ya fara ba. Sai kuma ya ce shi bai taɓa cewa yarinyar tana da farar ƙafa ba, ko sau ɗaya, a tambayi kowa. Wannan gaskiya ne. Bai taɓa faɗa ba. Wata biyar yana shan shayi a tsakar gida tana kulle da bokiti. Wani mutum a ƙarshen benci, wanda ya sayi mota a hannunsa bara, ya tashi ya nufi inda ya ajiye tasa ba tare da sallama ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai Hajiya ta gyara mayafi.

“To na ji, bel ya tsufa,” in ji ta. “Shekara huɗu yana tsufa bai tsinke ba. Me ya sa sai ranar da ta shiga?”

Wasu a kan bencin suka gyaɗa kai. Na gan su.

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na fizge makullin daga hannun Ridwane na miƙa wa Jalila, na ce ta shiga ta tada motar da hannunta kowa ya gani. Na san aikina, na san za ta tashi.

Ba ta karɓa ba.

“Baba, in ta tashi za a ce maganin Hajiya ne ya ci. In ba ta tashi ba, ni ce. Ba zan taɓa ba.”

Na tsaya da makulli a hannu kamar wawa. Ta fi ni gaskiya. Na ɗaura murfin, na shiga na murza. Bugu ɗaya injin ya tashi, yana tafiya sumul. Hajiya ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce Allah ya rufa asiri da yarinyar ba ta taɓa ba.

Jalila ta koma ciki ta ƙofar gaba. Ta fito da jaka ɗaya, Oumou tana biye da kan keken ɗinkin. Na karɓa na saɓa a kafaɗa. Ridwane ya biyo mu har bakin kwata yana cewa Baba a yi haƙuri, a zauna a yi magana, uwarsa ce, ya zai yi da ita. Jalila ta tsaya ta tambaye shi ko ya san wanda ya sa sakatar ɗazu. Ya sunkuyar da kai. Shi ne.

Ban tsayar da zem ba, ita ma ba ta nema ba. Muka taho a ƙasa, a hankali saboda ƙafarta. Mun wuce masu gasa nama, mun kusa kwanar gidanmu, sai ta yi magana ba ta kalle ni ba.

“Baba, yaushe ka ga takardar nan?”

Ina iya cewa jiya. Ba wanda zai ƙaryata ni sai Abdulƙahar, shi kuwa ba mai sake yarda da shi.

“Washegarin da motar ta mutu,” na ce.

“Kafin a mayar da ni ɗakin gawayi.”

“E.”

“Ranar da na tambaye ka, tana wurinka.”

“Tana cikin akwatina.”

Ta ci gaba da takawa da gefen ƙafa har muka isa. Ma'u ta rungume ta a ƙofa, suka shige, ni na tsaya a waje da keke a kafaɗa.

Wata uku ke nan. Bas ɗin yana aiki, kullum yana wucewa ta gaban garejina da kaya har sama. Hajiya tana gaya wa mutane tun da yarinyar ta fita komai ya daidaita. Abdulƙahar ya yi makonni ba ciniki, yanzu ya koma sayar wa baƙin da ba su san Zongo ba. Ridwane ya aiko dattawa sau biyu. Na ce musu ba ni za su tambaya ba, ita za su tambaya, ta kuwa ba su amsa: ba za ta koma ba. Ƙafarta ta warke, ta bar tabo. Ta buɗe keken, Oumou ce ta fara kawo mata ɗinki.

A Zongon nan akwai gidajen da ake rufe wa mace ƙofa da safe, na san uku bayan wannan. A kowane akwai namijin da ya san ainihin abin da ya lalace: wanda bai canza mai ba, wanda ya ci jarin, wanda ya sayi ruɓaɓɓen kaya. Yana zaune yana latsa waya, ya bar baƙuwar gidan ta ɗauka, don ita ce ba ta da mai tsaya mata. Tsohuwa ta yarda da camfinta, wannan jahilci ne. Shi kuwa da ya sani ya yi shiru, ban san sunan da zan ba shi ba. Mu biyu ne a wancan gidan. Ɗaya yana kare cinikinsa. Ɗayan yana kare kunyar surukuta, ya kira ta mutunci, ya ajiye gaskiya a akwati tare da sifana har jikansa ya zube a kan babur.

Jalila tana gaishe ni kowace safiya, ta durƙusa kamar da, ta kawo mini ruwa in na dawo. Yanzu ina kiran sunanta. Tana amsawa. Amma tun daga ranar nan ba ta ƙara tambayata komai ba.